Tsohon maharbin Yankari ya tuna min da mutanen Huaorani

Satin da ya wuce na sake leƙawa Yankari, ba wankan Wikki ya kai ni ba wannan karon, tsuntsaye na je kallo da ɗan madubin hangen nesana. Da sassafe muka bi gefen kogin Gaji ni da wani dattijo da ke min jagora, wanda ya ce min da can maharbi ne. Muna cikin tafiya sai kawai ya tsaya cak ya ce "ɗana, ka ji burtu?" Wallahi ni ban ji komai ba, sai da muka ƙara gaba sannan na hango su guda uku suna taku a cikin ciyawa. Cilakowa, tsirya, zalɓe, duk da kuka yake gane su tun kafin in ɗaga madubi.

Tun a hanyar dawowa nake ta tunanin wasu mutane da na jima ina karanta labarinsu, Huaorani, can ƙasar Ekwado cikin dajin Amazon, tsakanin kogin Napo da Curaray. A yankinsu gandun dajin Yasuni yake, wanda aka kafa a 1979, kuma ire-iren tsuntsayen da ke cikinsa sun kai wajen 600, mu namu na Yankari sun ɗan haura 350. Yasuni daji ne da ruwan sama ba ya yankewa, itatuwa sun rufe sama ruf, to a irin wannan wuri madubinka ba zai maka komai ba idan babu mai kunne a tare da kai. Su kuwa a ciki aka haife su, da bututu mai tsawo suke farauta, su hura 'yar kibiya mai dafi ta samu biri ko tsuntsu a can ƙololuwar bishiya. Suna kwaikwayon kukan tsuntsu har ya amsa, sun san gaɓar kogin da aku ke taruwa da safe suna cin yumɓu. Wannan sanin ne yanzu masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su shiga kwalekwale su bi su saboda shi.

Amma fa sun ga tasku. Maƙwabtansu ma "Auca" suke ce musu, wato mutanen daji marasa wayewa. Da aka samu man fetur sai aka yanka titi daga garin Coca ya ratsa ƙasarsu, baƙi suka shigo, cututtuka suka shigo, ruwa ya gurɓace. Har yau akwai danginsu Tagaeri da Taromenane da suka nutsa cikin daji suka ce ba sa son hulɗa da kowa. Abin da ya fi burge ni shi ne wata mace cikinsu, Nemonte Nenquimo, ta ja mutanenta suka kai gwamnati kotu a 2019 kuma suka yi nasara, aka hana gwanjon ƙasarsu wajen eka 500,000 ga kamfanonin mai saboda ba a tuntuɓe su yadda ya kamata ba. A Agustan 2023 kuma 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'a cewa a daina haƙar mai a wani sashe na Yasuni.

Wannan wurin ne ya taɓa min zuciya gaskiya, domin Yankari a ƙaramar hukumar Alkaleri take, kuma a wannan yankin dai rijiyar man Kolmani take, wadda Buhari ya ƙaddamar a Nuwamban 2022 a iyakar jiharmu ta Bauchi da Gombe. Ni ina son mai ya kawo mana arziki, waye ba ya so, amma ina son a zauna da mutanen ƙauyukan da ke zagaye da dajin tun yanzu, kuma kuɗin masu zuwa kallo ya riƙa sauka hannunsu, su ne 'yan jagora, su ne masu masauki da abinci.

Da zan tafi na tambayi baban ko yana koya wa yaransa kukan tsuntsayen nan, ya ce ƙaramin ne kawai ke biyo shi, manyan duk sun tafi Bauchi acaɓa. Na karɓi alkawarin cewa in na dawo bayan damina zai zo min da yaron mu fita tare.