Rabin sakan da ya koma kusan kwana shida

Akwai wata 'yar manhaja da nake kula da ita a kan allon ARM mai bit 32 da ke tafiya da Linux. Aikinta ta leƙa na'urar auna zafi duk rabin sakan, kuma setitimer, kiran da ke saita agogon ƙararrawa a Linux, shi ne ke tashin ta: a cika struct itimerval (ƙunshin bayanan tsawon jira), a zaɓi ITIMER_REAL (ƙirgen lokaci na zahiri), sai siginal ɗin SIGALRM ya riƙa zuwa a kan kari. Ta daɗe tana aiki lafiya lau.

Rigimar ta taso ne ranar da na ce bari in yi wa shekarar 2038 shiri, tunda time_t (ma'ajin ƙirgen sakan da tsarin ke gane kwanan wata da shi) mai bit 32 zai cika ya tumbatsa ranar 19 ga Janairun shekarar. Daga glibc 2.34 (babban laburaren C na Linux) ana iya sa _TIME_BITS=64 tare da _FILE_OFFSET_BITS=64 don time_t ya koma bit 64. Na sa su, na sake harhaɗa babbar manhajar, amma sam na manta da ɗan laburaren da na rubuta tuntuni, ya tsaya a kan time_t mai bit 32, alhali shi ne ke karɓar struct ɗin ya kira setitimer.

Na kunna, shiru kake ji. Kiran ya dawo da 0, wato babu kuskure, amma siginal ko ɗaya bai zo ba. Na ɓata yini guda ina zargin sigaction, kiran da ke tsara yadda za a karɓi siginal. Sai da na bi ta strace, mai nuna kiran da manhaja ke yi wa kanel (zuciyar Linux), na ga abin da ainihi ya isa can: it_interval (tazarar maimaitawa) sifili, it_value (jiran bugun farko) kuma sakan 500000.

Nan na ɗauko takarda na zana bayit-bayit. It_interval da it_value kowanne timeval ne, wato sakan (tv_sec) da mikirosakan (tv_usec); manhajar na rubuta timeval mai bayit 16, laburaren na karanta mai bayit 8. Sifilin tv_sec, wanda ya ci bayit takwas, ya cinye it_interval gaba ɗaya a idon laburaren. Mikirosakan 500000 ɗina kuwa ya zame ya faɗa gurbin sakan na it_value. Ashe umarnin da na bayar shi ne a buga sau ɗaya bayan kusan kwana shida. Abin da ya fi ci mini rai, lambobin duk halal ne a wajen kanel. Da tv_usec ne ya haura 999999, da kuskuren EINVAL, wato lamba ba ta halatta ba, ya tona asirin nan take.

Setitimer tsawon jira yake aunawa, ba kwanan wata ba, shi ya sa ban kawo shi cikin lissafin 2038 ba. Amma timeval ɗinsa daga time_t aka gina shi, duk abin da ya taɓa wannan ya taɓa shi.

Yanzu struct mai ɗauke da time_t ba ya ƙetare iyakar laburarena. Milisakan nake miƙawa cikin int64_t, lamba mai bit 64, can ciki a raba shi zuwa sakan da mikirosakan. Na kuma dasa _Static_assert a kan sizeof(time_t) a ɓangarorin biyu, duk wanda bai kai 8 ba harhaɗawa ta tsaya. Da na sake kunnawa, strace ya nuna it_interval da tv_usec=500000, SIGALRM na shigowa sau biyu a sakan.