Hutun sanyi a Iskandariyya

Mutanen Alƙahira sai da zafi suke tururuwa zuwa Iskandariyya, shi ya sa da na ce wa abokan karatuna can zan yi hutun tsakiyar shekara, cikin Janairu, suka ce wa ya aike ni. Ni kuwa arha ce ta ja ni. Gidajen hayar da ke kallon teku a Sidi Bishir da Miyami, waɗanda ba sa taɓuwa a Yuli da Agusta, da sanyi a rufe suke, mai gadi har roƙonka yake ka shiga ka duba.

Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne mai ƙura da fasa leɓe. Jiƙaƙƙe ne, ga ruwan sama ga iska daga Bahar Rum. Guguwar da suke kira nawwa tana zuwa bi da bi, kuma masunta sun san lokacin kowace: ta Ƙasim a farkon Disamba, Faida Babba wajen tsakiyar Janairu. In ta taso, igiyar ruwa har kan titin bakin teku take watsowa. Don haka kowace safiya sai na tambayi mai gadinmu, wani dattijo, "Baba, yau fa?" Amsarsa ce ke tsara min yini.

Ran da gari ya washe sai unguwar Bahari. A can sansanin Ƙaitbay yake, wanda Sarki Ƙaitbay ya gina a 1477 a gurbin tsohuwar hasumiyar haska wa jiragen ruwa hanya, wadda girgizar ƙasa ta rushe. Da sanyi babu layi, sai ka hau sama ka zauna kai da masu kamun kifi da ƙugiya a ƙasa. Daga nan da ƙafa ake zuwa masallacin Abul Abbas Al-Mursi, a gefensa kuma na Imam Busiri mai Burda. Nan na fi daɗewa. Baitocin da nake ji ana rerawa da maulidi tun ina yaro, ga su a rubuce a jikin bango, sai na ji wurin ba baƙo ba ne gare ni.

Ran ruwa kuwa babban ɗakin karatun nan da aka buɗe a 2002 shi ne mafaka. Sashen tsofaffin rubuce-rubucen hannu kaɗai ya isa ya cinye maka rana. Lambun Muntaza yana da kyau, amma da iska ban ga abin wahalar zuwa ba.

Nishaɗin dare a gidajen shayi yake. Ka sayi kofin sahlab mai zafi, wani abin sha mai kauri da ake yi da madara, ka zauna kusa da tsofaffi masu buga domino, ko a kalli ƙwallo. In Ittihad, ƙungiyar ƙwallon garin, ke wasa, kada ka kuskura ka yabi Ahli ta Alƙahira. Kifi kuma da kilo ake sayarwa, ka zaɓa a gasa maka. A yi ciniki tukuna kafin ya hau wuta.

Gidajen hayar nan don zafi aka gina su, dare yana yi sanyi ke ratso bango. Kafin ka biya kuɗin haya ka tabbatar akwai barguna da na'urar ɗumama ruwa, ka kuma taho da kaya isassu, domin wanki sai ya kwana biyu a igiya bai bushe ba.