Juma'a, layin Albaik a Dubai Mall

Da aka sauko daga masallaci na ce wa ƙanena yau ba ruwanmu da shinkafar unguwar Deira, Albaik za mu, gidan soyayyar kazar nan na Saudiyya. Sun buɗe reshe a Dubai Mall cikin wannan wata na Yunin 2021, shi ne na farko a Daular Larabawa, kuma tun ranar ba a wata hira a shagonmu sai tasa. Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka a tashar Burj Khalifa, muka bi doguwar gadar nan mai sanyi har ciki. Zafin waje kuwa ba a cewa komai.

Layi ya yi tsawo sosai, kowa da takunkuminsa na korona: Larabawa, Indiyawa, 'yan Filifin. Can sai na jiyo Hausa a bayana, wasu hajiyoyi biyu suna shawarar mai yaji za su karɓa ko marar yaji. Na juya na gaishe su. Babbar ta dube ni ta ce, "Ɗana, kai ma a ƙasa mai tsarki ka saba da ita?" Na ce, "Ƙwarai, Hajiya."

Ta taɓo mini inda yake ciwo ba ta sani ba. A 2014 na raka Baba Umara, kuma a Jidda, garin da Shakour Abu Ghazalah ya fara wannan sana'a a 1974, muka fara cin kazar nan. Baba mutum ne da ba ya cin abincin waje, ko a Kano sai dai a kai masa daga gida. Ranar nan sai ga shi zaune, ya naɗe hannun riga, yana dangwalar miyar tafarnuwa da burodi har ya suɗe ɗan kofin tas. Ya ce, "Kai, je ka ƙaro mana." Shekara uku bayan nan Allah ya yi masa rasuwa.

Da aka miƙo mana kwalin nan mai hoton kaza da doguwar hula, ɗuminsa har tafin hannuna. Na ɓare fatar, ta yi ƙus, turiri ya taso, yajin ya ratsa har ƙashi. Ɗanɗanon bai sake ba ko kaɗan. Na ci yanka ɗaya na tsaya, maƙogwarona ya riƙe. Ƙanena ya ce, "Yaya, lafiya?" Na ce ya ci abincinsa kawai. Shi yana makaranta lokacin, bai je ba.

Da dare na kira Hajiyarmu na ba ta labari. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya jiƙan Alhaji. Da ya dawo, kwana uku yana ba ni labarin miyar nan." Na yi mata alkawarin idan Allah ya nufa aka buɗe hanya bayan korona, da ita za mu Umara, kuma a Jidda za mu fara tsayawa.