Talata: ni da Auta a shagon intanet

Ko ɗumamen tuwo ban sauke ba Auta ya faɗo tsakar gida da waya a hannu, gaisuwar ma a tsaitsaye ya yi ta. "Yaya, duba nan, Allah ya kawo mafita." Saƙo ne da ake ta yawo da shi a WhatsApp, wai ana kwasar matasa marasa aiki zuwa Turai aikin sa kai, ba ruwansu da digiri, ci da sha da makwanci duk kyauta. Can ƙasa ga lambar wani mutum da za a tura wa kuɗin fom. Ashe yaron nan har ya gama lissafin sayar da keken ɗinkin da Baba ya bari.

Gabana ya faɗi, amma ban yi masa faɗa ba. Shekararsa 22, shekara huɗu ke nan da gama sakandare, ya zauna JAMB sau biyu, rasuwar Baba ta zo ta tsayar da komai. Abokansa biyu sun bi ta Jibiya zuwa Maraɗi da nufin Agadas, ɗaya har yau ba labari. Wanda ke cikin wannan hali in ka ce masa "ƙarya ce" kawai, gobe wani zai saurara. Na ce ya sa rigarsa mu je mu gani da idonmu.

Muka hau Keke Napep zuwa wani shagon intanet a wajejen Ƙofar Ƙaura, hazo ya rufe gari, leɓɓa duk sun bushe. Awa biyu na biya.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne maƙaryacin a kan gaskiya ya gina ƙaryarsa. Shirin yana nan. Tarayyar Turai ta buɗe shi a ƙarshen 2016, European Solidarity Corps, na 'yan shekara 18 zuwa 30. Ba sa neman digiri, suna ɗaukar nauyin tafiya da abinci da masauki, har da ɗan kuɗin kashewa, kuma suna ba 'ya'yan marasa ƙarfi kulawa ta musamman. Sai dai na mazauna ƙasashensu ne da maƙwabtansu. Auta ya bi jerin ƙasashen da yatsa a kan gilashin kwamfuta, daga sama har ƙasa, ya sake komawa sama. Ga Masar, ga Maroko, ga Tunisiya. Babu Najeriya. Bai ce uffan ba, ya dai janye hannunsa ya sa a aljihu.

Muka duba na Ingila, ICS, wanda ƙungiyar VSO ta jagoranta, inda ake haɗa matasansu da namu su yi aiki tare a ƙauyuka, har nan Najeriya an yi shi. Annobar korona ta 2020 ta tsayar da shi. Na Tarayyar Afirka kuwa a Abuja ma aka ƙaddamar da shi a 2010, amma sai mai takardar gaba da sakandare. TAC ɗinmu na 1987, shirin gwamnatin Najeriya na taimaka wa wasu ƙasashe, ƙwararru yake turawa, malamai da likitoci da injiniyoyi. Ko bautar ƙasa sai ka gama jami'a ko HND. Fasfo kaɗai yanzu naira 100,000 ne.

Wallahi raina ya sosu. Yaron nan ya san aikin sa kai tun kafin ya ji sunansa a bakin Turawa. Duk zagayen rigakafin shan inna da shi ake yi a unguwarmu. Shi ke rataya akwatin sanyi a kafaɗa, shi ke rubutu da alli a ƙofar gida, shi ke shafa wa yara tawada a ɗan ƙaramin yatsa. Na taɓa ganinsa ya durƙusa a zauren wani dattijo da ya hana a ɗiga wa jikokinsa, ya yi ta lallashi da "Baba, don Allah" har tsohon ya ce a fito da su. Wace takarda ce ke nuna wannan?

Saura minti ashirin lokacinmu ya ƙare muka shiga shafin UNV, hukumar 'yan sa kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a Bonn ta Jamus. Rajista kyauta ce, sun ma rubuta cewa ba sa karɓar ko sisi. Suna da rukunin 'yan sa kai na cikin al'umma, wanda ba ya neman digiri, mutum ya yi aiki a yankinsu a ba shi alawus. Ba Turai ba ce, na ga hakan a fuskarsa. Duk da haka ya ja kujera ya fara cikewa. Da ya zo gurbin ƙwarewar aiki ya juyo: "Yaya, polio ɗin ma aiki ne?" Na ce rubuta, har da shekarun.

Bayan isha'i Inna ta tambaye shi maganar keke. Ya ce a bar shi tukuna, gobe zai kai wa mai gyara ya duba bel ɗin. Lambar mutumin nan kuwa a gabana ya goge ta, sannan ya karɓi wayata ya tura wa abokansa na majalisa jerin ƙasashen da muka ɗauka hoto.