Na horar da masu tafiya, na bar masu zama

Har yau idan na wuce ƙofar ɗakin gwaje-gwajenmu sai in ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Kuɗin da aka kashe bai dame ni kamar shekara guda ta yara da na ɓata da hannuna ba.

Makarantarmu a nan Sakkwato tana cikin masu haɗa manhaja biyu: yaro ya rubuta IGCSE, jarrabawar sakandare ta hukumar Cambridge da ke Ingila, ya kuma rubuta WAEC. Yaranmu gwanayen hadda ne, amma a kimiyya Cambridge tana da takarda guda da ke tambayar abin da hannu ya taɓa: auna wannan, karanta ma'aunin zafi, faɗi ta inda kuskure zai iya shigowa. A nan suke zubewa. Da aka ba ni riƙon sashen kimiyya a 2022, na ce kowane aji zai riƙa shiga ɗakin gwaji sau ɗaya a mako, darasi biyu a haɗe. Abin ya karɓu, yara har rige-rige suke yi.

To amma wa na ɗora wa aikin? Wata malama da aka ɗauko daga Kenya a kan kwantiragi, da 'yan bautar ƙasa uku. Su ne masu zafin nama, kuma ba sa gardama. Tsofaffin malamanmu, waɗanda suka fito daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari tun ina ɗan sakandare, zagaye su na yi, don na ɗauka birki za su taka mini. Ko zaman horo ban gayyace su ba.

Ɗan bautar ƙasa shekara ɗaya yake yi, wannan ko yaro ya sani. Ni ma na sani, daɗin yabo ne ya rufe mini ido. Sai kuma a watan Yuni na 2023 aka saki naira darajarta ta faɗi, albashin malamar ya zama idan ta canza ta aika gida bai taka kara ya karya ba. Ba ta sabunta kwantiragi ba, kuma ban ga laifinta ba. Tsarin gwaje-gwajen kaf yana cikin kwamfutarta, ya bi ta zuwa Nairobi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jadawali. Darasi biyun nan ba a taɓa rubuta su ba, da baki muke musayar lokaci tsakaninmu. Jadawalin Satumba ya fito babu su. Kuɗin sinadarai ma ba ya cikin kasafi, roƙon mai makaranta nake yi duk sa'ad da suka ƙare. Yanzu duk wanda ya zo mini da sabon tsari, tambayata biyu ce: yana cikin jadawali da kasafi? Wanda zai riƙe shi yana nan baɗi?

Da hunturu na buɗe ɗakin, ƙura ta rufe kwalabe, an jibge karyayyun kujeru a kan teburan, ga buhunan shinkafar ɗakin girki a kusurwa. Kaina a ƙasa na nufi malaminmu na sinadarai mafi daɗewa.

"Baba Malam, taimako na zo nema."

Ya daɗe yana dubana. "Malam, ai mun aza abin ga na baƙi na. Ba ka kira mu ba, mi za mu ce?"

Sai ya jawo wani tsohon littafi da bangonsa ya yage, cike da gwaje-gwajen da ya daɗe yana shirya wa 'yan WAEC, har da abin da za a yi amfani da shi idan wani sinadari ya yanke a gari. Shekara guda littafin nan yana cikin durowa, taku goma daga teburina.

Mabuɗin ɗakin yana hannunsa yanzu. Sai yara sun kwafe matakan gwaji daga allo kafin ya bari su taɓa kwalba, abin da ke cinye kusan rabin darasi na farko. Yana ci mini rai, amma ban ce masa komai ba tukuna.