Hannunka ya yi nauyi, injiniya

Sati na biyu da fara IT, wato koyon aikin da makaranta take tura ɗalibai, a wani garejin gyaran janareto a cikin garin Bauchi na kashe zaren fulogi a injin wani Alhaji. Ba wani abu bane ya jawo, na ɗora sifana naji yana tafiya sai na cigaba da murɗawa wai don ya zauna da kyau, can sai naji ya yi laushi lokaci ɗaya, irin laushin nan da yake sa gabanka ya faɗi. Oga ya zo ya sa yatsa biyu yana juya fulogin, yana ta juyawa ya ƙi tsayawa, ya ɗago ya kalleni yace, "Injiniya, hannunka ya yi nauyi." Injiniyan nan ba yabo bane, tun ranar da na zo da takardar makaranta haka yake kirana kuma yaran garejin suka ɗauka. Kan injin alminiyom ne, fulogi kuma ƙarfe, toh kowa ya san wanda zai ci wani. Kuɗin gyaran daga aljihuna ya fita.

A lokacin kuma ina da wata jarabar da daddare. Abokina da muke ɗaki ɗaya a Gwallameji ya saka min wani tsohon gem a laftof, IL-2 Sturmovik: 1946, 'yan Rasha ne suka yi shi, na farkon ya fito 2001 wannan da nake bugawa kuma na 2006 ne, shiyasa ko laftof ɗina mai tari yana ɗaukan shi kuma ba ruwan shi da data. Jiragen yaƙin duniya na biyu ne a ciki, ka zauna a kujeran matuƙi ga agogo birjik a gabanka, in ka kunna komai yadda yake a gaske toh ba mai taimakonka. Na samu joyistik na gwanjo, na zaɓi Hurricane na turawan Ingila don ance min yafi sauƙin kai, tayoyin shi a buɗe suke ba kaman Spitfire ko Bf 109 na Jamus da ƙafafunsu suke a tsuke ba.

Wallahi kwana huɗu ban bar ƙasa ba. Da na tada inji sai in tura totur har ƙarshe lokaci guda, jirgin ya ɗan yi gaba sai ya karkace hagu ya bar titin ya shiga ciyawa, wani lokaci in kifa da hanci, wani lokaci fiffike ya daki ƙasa. Na zagi joyistik ɗin, nace gwanjo gwanjo ne. Ashe farfelan ce. Injin Merlin da yake gaban jirgin silinda 12 ne, lita 27, in ka buɗe mishi wuta gaba ɗaya farfelan tana juyawa dama in kana kallo daga kujera, shi kuma jikin jirgin yana neman juyawa hagu, ga iskan da take murɗowa tana dukan jelan ta gefe ɗaya, kuma gudunka bai kai yadda jelan zata iya riƙe ka ba. Maganin kawai ka dinga ƙara totur kaɗan kaɗan kana taka fedan da yake karkata jelan zuwa dama tun kafin hancin ya fara tafiya. Ranar da na tashi lafiya, ina kallon ƙasa tana nisa, maganan Oga ce ta faɗo min. Ashe ba a gareji kaɗai hannun nawa yake da nauyi ba.

Amma abin da yasa na zauna rubuta wannan kafireto ne.

Akwai wani dare da na samu bayan wani 109, na biyo shi tiryan-tiryan har ina ganin alaman kuros a fiffiken shi, kawai sai ya dungura hanci ƙasa ya nutsa. Nima na tura sandan tuƙi gaba zan bi shi, sai injina ya yi tari fut fut ya ɗauke na ɗan lokaci, kafin ya dawo mutumin ya zama ɗigo. Na sake gwadawa, haka. Duk sanda na tura hanci ƙasa da sauri sai inji ya shaƙe. Nace ma abokina gem ɗin nan da matsala, yace kai ne matsalan, muka kwanta.

Bayan kwana biyu aka kawo wani jen daga wajen Muda Lawal, mai shi yace a shago yake kashe kanshi amma ga shi a gareji yana aiki lafiya lau. Oga bai ko taɓa sifana ba ya tambaye shi a ina kake ajiye shi, yace a kan wata 'yar gangara a bayan shago. Oga ya kwance ƙoƙon da yake ƙasan kafireto ya kira ni, "Zo nan injiniya, ka ga abin da ba a nuna muku a allo." A ciki akwai wani ɗan roba mai iyo a kan fetur, fulot muke ce mishi, da wata 'yar allura a jikin shi. In mai ya cika fulot ya taso allura ta toshe hanya, in ya ragu fulot ya sauka hanya ta buɗe. Ya karkata ƙoƙon a hannun shi fetur ya taru gefe ɗaya, yace, "Shi wannan abin bai san komai ba sai ƙasa. In ka rikita mishi inda ƙasa yake, ko ya hana inji mai ko ya shaƙe shi da mai." Ina tsaye da warin fetur a hannu sai naji kaman an kunna min kwan lantarki a ka, na tuna jirgina.

Da daddare na kunna data na bi labarin, ashe ba kuskuren masu gem bane, da gangan suka saka don haka abin yake. Merlin na farko-farko kafireto mai fulot gare shi, irin na jen ɗin mai shagon nan sai dai girma. In matuƙi ya tura hanci ƙasa da ƙarfi komai na cikin jirgin sama yake yi, har da fetur ɗin cikin ƙoƙo, inji ya rasa mai, daga baya kuma fulot ya bar hanya a buɗe mai ya yi ambaliya ya shaƙe shi. Shi kuwa 109 injin Daimler-Benz gare shi mai fesa mai kai tsaye cikin silinda, ko a kife yake ba ruwan shi. A yaƙin sararin Ingila na 1940 matuƙan Jamus sun san da wannan, in an matsa musu sai su dungura kawai. Su kuma na Ingila suka samo dabara, maimakon su tura hanci ƙasa sai su fara kifa jirgin ya koma rigingine sannan su ja sanda, ta haka man yana zaune a gindin ƙoƙo. Na gwada a daren, inji ko tari bai yi ba. Ihun da na yi sai da maƙwabcinmu ya buga bango.

Wadda ta rage musu matsalan kuma mace ce, injiniya Beatrice Shilling da take aiki a cibiyan binciken jirage ta Farnborough, kuma 'yar tseren babur ce. Wani ɗan ƙarfe mai huda a tsakiya ta ƙirƙiro aka saka a hanyan mai, yadda ba zai wuce abin da inji yake buƙata ba, a farkon 1941 aka bi sansanonin ana sakawa. Bai kashe matsalan duka ba, sai daga baya da aka koma wani irin kafireto mai aiki da matsi, amma ya hana ambaliyan. Washegari na ba Oga labari ina ta zuzutawa, ya saurara har ƙarshe yana goge hannu da tsumma yace, "Wato dai washa ta saka." Nace eh Oga, kusan haka ne. Yace, "Toh Allah ya yi mata albarka, ta san aiki. Ku da an baku sai kun ce a canza inji." Ban ce komai ba don nasan da wa yake.

Zafi ma haka ya wahalar da ni. A gem ɗin totur yana kaiwa kashi 110 cikin 100, ni kuma tunda na gano haka a nan nake barin shi tun daga tashi, lagireto a rufe don ance rufewa yana ƙara gudu. Rubutu ya fito cewa inji ya yi zafi in share, bayan wasu mintuna ƙaran ya canza ya koma kaman ana niƙa tsakuwa, sai in ga farfela ta tsaya a tsakiyan faɗa. Matuƙan gaske a 1940 da suka samu fetur mai oktan 100 an yarda su ƙara ma Merlin matsi sama da ƙa'ida, amma na minti 5 kacal. Minti biyar fa. Mu a gareji kullum sai an kawo ƙaramin jen Tiger da aka ɗora ma firji da dutsen guga, ko babba da aka kulle a ɗaki ba iska saboda ɓarayi, mai shi yana rantsuwa wai haka kawai ya buga. Da ina jin tausayinsu, yanzu in na buɗe naga yadda fistin ya ƙone ina ganin kaina ne a kujeran Hurricane ina share rubutu. Abin da na koya shine idona ya dinga zuwa kan agogon ruwa da na baƙin mai ko ana tsakiyan rikici, in allura ta fara hawa in rage wuta in buɗe lagireto, ko da abokin faɗan zai tsere.

Sauran duk labari ɗaya ne. Ka ja sanda da ƙarfi a kwana, jirgi ya yi rawa, fiffike ɗaya ya faɗi ka kama juyawa kaman ganye, kuma fita daga ciki sai ka yi abin da ranka baya so, ka rage totur ka taka jela ɗaya gefen ka tura sanda gaba alhali ƙasa kake gani tana zuwa. Bindiga takwas ne a fukafukan amma harsashin na wajen sakan 15 ne, ni kuwa daga nesa nake danne maɓalli har ya ƙare.

Wani abu da ya bani mamaki a karance-karancen, ashe jiragen nan sun keta sararin Arewa. Daga 1940 a cikin akwatuna ake kawo Hurricane ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasan da take Gana yanzu, makanikai su haɗa su a can, sannan a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, a ƙetare Chadi zuwa Khartoum har Alƙahira don yaƙin hamadan Arewacin Afirka. Waɗanda ake kaiwa ƙasashen zafi har wani babban matacin iska ake manna musu a ƙarƙashin hanci saboda ƙura, yana rage gudu amma inji yana daɗewa. Duk wanda ya taɓa buɗe matacin iskan jen a watan Janairu a garin nan ya ga abin da hunturu yake tarawa zai gane dalili.

Kar wani ya ɗauka ina cewa gem ya maida ni matuƙi ko bakanike. A gem in ka kashe inji danna maɓalli ɗaya ne an baka sabon jirgi, jikinka baya jin nauyin kwana, ba ka jin tsoro, su kuwa waɗanda suka tuƙa na gasken da yawa samari ne sa'o'ina kuma in sun kuskure shikenan. Kuma ya ci min barci sosai, sau biyu Oga yana kama ni ina gyangyaɗi a kan benci, na biyun yace in jirgin ne zai sa min hannu a littafin IT toh in je wajen shi.

Ana saura sati ɗaya in gama, Alhajin nan ya sake kawo injin shi sabis. Na ɗauka Oga zai ba wani cikin yaran, sai ya miƙo min sabon fulogi bai ko kalleni ba. Na sa shi da yatsu ina juyawa a hankali har naji ya zauna, sannan na ɗora sifana na ƙara rabin zagaye na cire hannu, duk da wani abu a raina yana cewa ƙara kaɗan mana. Oga ya zo ya ɗora nashi sifanan ya ɗan taɓa, ya ja igiya inji ya tashi bugu ɗaya. Ya laluba aljihu ya ciro kuɗi yace, "Injiniya, hau mashin ka je Wunti ka sayo mana masa, kace su sa yaji da yawa."