Baƙon da na shigar mana taro ba sallama

Ni ne sakataren ƙungiyar tsofaffin ɗaliban ajinmu. Tun lokacin korona a 2020 muka mayar da zamanmu na wata-wata kan Zoom, saboda 'yan ajin sun watse, wasu Kaduna, wasu Abuja, mutum biyu Saudiyya, ɗaya Ingila. Mu da muka rage a Katsina mukan haɗu a shagon wani ɗan'uwanmu kusa da Ƙofar Ƙaura, ni kuma in buɗe taro, in shigar da mutane, in rubuta rahoto. Ƙannena, na san yawancinku ku ake ɗora wa wannan aiki a ofis da ƙungiya da makaranta, don ku ne kuka iya waya. Shi ya sa nake son ku ji abin da na jawo mana.

Rubuta rahoton zama aiki ne mai cin rai. Wata rana wani yaro a wurin aikinmu ya nuna mini manhajar ƙirƙirarriyar basira da ke shiga taro ta saurara, ta rubuta abin da aka faɗa, ta fitar da taƙaitawa. Irinsu suna da yawa yanzu, kuma yawanci kyauta ake farawa. Na yi rajista da asusuna na Google. Ta nemi izinin duba kalandata, na danna amincewa ban karanta ko layi ɗaya ba. Ban sanar da shugaba ba, ban tambayi kowa ba. A raina alƙalami ne kawai na sake.

Zama biyu komai ya tafi lafiya. A na uku, bayan addu'ar tashi, shugaba ya ce shugabanni su tsaya. Maganar wani ɗan ajinmu aka yi, wanda ya ci bashi daga asusun taimakon juna ya kasa biya, saboda jinyar maiɗakinsa ta cinye masa jari. An faɗi ciwon, an faɗi adadin kuɗin, wani ma ya yi magana mai zafi a kansa kafin a tausasa shi. Kun san halinmu, idan aka zo lissafin kuɗi da sunan cuta sai harshe ya karkata Turanci. Duk wannan lokaci akwai baƙin akwatin manhajar a gefen allo ɗauke da sunana, ba fuska, ba murya. Na gan shi, amma na saba da shi har na daina ganinsa.

Washegari bayan Asuba ma'aji ya kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam Sakatare, ka buɗe imel ɗinka kuwa?" Manhajar ta aika taƙaitawar zaman ga duk wanda sunansa ke cikin gayyata, mutum 46, har da mai bashin. Hausar da muka yi ta dagula ta, amma Turancin ta kama shi tsaf, kuma ga sautin muryoyinmu a ajiye ga duk wanda ya danna.

Da yamma na je gidan mai bashin. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Bashi ai kowa na ci. Ciwon iyalina ne da kowa ya karanta." Ya ce ya yafe, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma tun daga ranar bai sake shiga zamanmu ba.

Kuskurena na biyu ya zo ne daga rashin sanin yadda abin ke aiki. Cikin fushi na goge manhajar daga wayata, na ɗauka an gama. Wata mai zuwa ina Daura wajen ta'aziyya, ko taron ban shiga ba, sai ga akwatin nan da sunana ya bayyana. Ashe ba a wayata yake zaune ba. Yana can a kwamfutocin kamfanin, yana leƙa kalandata, duk inda ya ga linkin taro sai ya tafi da kansa a kan lokaci. Kuma bai zo shi kaɗai ba. Mutum uku daga cikin waɗanda suka danna wancan imel an sa su rajista kafin su karanta, su ma sun ba da izinin kalanda ba su sani ba. Mataimakina ya ce shugaba ya yi ta tambaya, "Wai su wane ne waɗannan?" ba mai amsawa. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, kusan rabi ya tafi wajen korar baƙin da ba wanda ya san ya gayyato su.

Maganinsa sai ka shiga saitin asusunka na Google ko Microsoft, ɓangaren tsaro, inda aka jera manhajojin da ka ba izini, ka cire shi daga can, sannan ka koma shafin kamfanin ka kashe shiga taro kai tsaye da aika rahoto ga mahalarta, ko ka rufe asusun gaba ɗaya. Ni sai da aka zaunar da ni aka nuna mini.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na manta matsayina. Mai buɗe taro maigida ne. A gidajenmu na cikin birni ba wanda ke wuce zaure sai an yi masa iso, kuma aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan mutane sai da izini da sallama. Zoom na da nasa zauren, ɗakin jira, Teams da Google Meet ma suna da inda baƙo ke tsayawa sai an buɗe masa. Ni na kashe namu saboda gajiyar danna wa mutane ɗaya bayan ɗaya. Ku kunna naku. Ku karanta kowane suna kafin ku shigar da shi, musamman mai ɗauke da kalmar Notetaker ko AI, ko sunan mutum da ya fito sau biyu. Idan kowa ya hallara ku kulle taron. Kada ku manna linki a babban zauren WhatsApp inda za a yi ta tura shi gaba. Idan kuma za a shiga maganar sirri, kada a ci gaba a tsohon ɗaki, a rufe shi a buɗe sabo da sabon linki.

Ku sani kuma abin ya wuce kunya kaɗai. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, da hukumar NDPC mai kula da ita, kuma bayanin lafiyar mutum na cikin waɗanda dokar ta fi tsanantawa a kansu. A Amurka ma, a watan Agustan 2025, an shigar da ƙarar wani kamfanin irin wannan manhaja a kotun tarayya da ke Kalifoniya, bisa zargin naɗar mutane ba da yardarsu ba.

Ban ce ku ƙaurace wa abin baki ɗaya ba. Ga mai raunin ji, ko wanda sabis ke yanke masa kowane minti biyar, rubutaccen rahoto taimako ne na gaske. Sai dai ya zama maigida ne ya kunna shi, kowa ya ji an kunna, kowa ya san inda rubutun zai je. Akwai ma waɗanda ba sa bayyana a allo sam, daga wayar mutum ko kwamfutarsa suke naɗa, kuma waɗannan ba saitin da zai kama su. Shi ya sa yanzu, bayan addu'ar buɗe taro, nakan tambaya da bakina ko akwai mai naɗa ko mai manhajar rubutu, in jira kowa ya amsa. Rahoton kuwa na koma rubuta shi da biro a littafi mai bango baƙi, shugaba ya duba kafin ya fita. Shi kuma ɗan'uwanmu har yau ina tura masa gayyata duk wata.